Ratsi-ratsi a jikin bango: rajistar aikina na tsaga biyu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Wani yaro cikin ƴan tarminal ne ya jawo mini wannan aiki. Ana gobe a tafi hutu ya tare ni a bakin aji, ya miƙo mini wayarsa da wani bidiyo da ake ta yawo da shi a WhatsApp. Mai bidiyon yana cewa wai ƙwayar haske ta san lokacin da ɗan Adam yake kallonta: in an zuba mata ido sai ta natsu ta bi ƙofa ɗaya, in an kau da kai sai ta bi biyu a lokaci guda. Ya ce, "Mushe, wai haka ne?" Na ce masa ba haka ba ne. Ya ce to yaya ne? Nan na fara kame-kame, har ƙararrawa ta cece ni.

Abin ya tsaya mini a rai duk tsawon hutun. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da fizik a nan Maradi. Kowace shekara sai na zana gwajin tsaga biyu na Thomas Young a allo, inda haske ke bi ta ƴan ƙofofi biyu ya yi ratsi-ratsin haske da duhu a bango, na ba yara lissafin tazarar ratsi su haddace saboda jarrabawar bak, amma ni kaina ban taɓa ganin ratsin nan da idona ba. To gani ya kori ji. Na ware jaka goma, zan harhaɗa abin da hannuna. Da farko in ga ratsin, sannan in yi wa hasken shaidar ƙofar da ya bi in ga abin da zai faru, sannan in goge shaidar.

Yau na shiga babbar kasuwa. Leza ja ta maƙalin makulli, irin wadda yara ke tsokanar kyanwa da ita, sefa 1,500. A jikinta an rubuta nanomita 650, wato tsawon zangon haskenta. Reza 250, kyandir biyu 200.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na cire gilashin wani tsohon firam ɗin hoto, na riƙe shi bisa harshen kyandir har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na haɗa reza biyu, na matse su da yatsu, na ja layi ɗaya a kan baƙin. Bakin kowace reza ya bar tasa tsagar, tazararsu kuwa kaurin reza ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita.

A baki abin da sauƙi. In ka danna da ƙarfi hayaƙin ya ɓare, tsaga biyun su haɗe su zama ɗaya. In ka sassauta, reza ɗaya ce take taɓa gilashin. Sai a ja na goma sha huɗu na samu. Bayan isha'i na kashe fitilar falo, na dasa lezar a kan littattafai, gilashin a gabanta, bango mita uku daga nan. Sai ga su: ɗigo-ɗigon ja a jere a kwance, na tsakiya ya fi haske, tsakanin kowane biyu duhu. Na kira uwargida ta zo ta gani. Ta duba ta ce, "Malam, wannan ne ka ɓata mini firam a kansa?"

Na auna da rula, daga ɗigo zuwa ɗigo santimita biyu. Lissafin da nake ba yara: tsawon zango sau nisan bango, a raba da tazarar tsaga. Nanomita 650 sau mita 3, a raba da milimita 0.1, ya ba da milimita 19.5. Na daɗe zaune ina kallon rular nan.

Duk wanda ya taɓa jefa tsakuwa biyu a tafki lokacin damina ya ga tushen abin. Igiyar ruwa ta nan ta haɗu da ta can. Inda tudu ya hau tudu ruwan ya ƙara tashi, inda tudu ya faɗa kwari ruwan ya kwanta lumui. Haske ya fito ta tsaga biyu, inda suka zo a tare wurin ya haskaka, inda suka saɓa suka kashe juna. Young da ya bayyana gwajinsa a Landan a 1803 ba shi da leza. Hasken rana ya shigo da shi ta ƴar huda a taga, ya raba shi biyu da siririn kati.

Laraba, 8 ga Janairu

Ƙananan pil ɗin lezar sun mutu. Na jona mata manyan pil uku a gidansu, na danne makunnin da maƙalin shanya don kada hannuna ya riƙa girgiza ta. 1,100.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau na gwada maganar mai bidiyo yadda ya faɗe ta. Na tara yaran gida da na maƙwabta su bakwai, bayan na ja musu kunne cewa duk wanda ya leƙa bakin lezar ya bar falon. Na ce kowa ya ƙura wa tsagar ido. Ratsin yana nan. Na ce kowa ya runtse ido har da ni, waya ta ɗauki hoto da kanta. Ratsin yana nan a hoton, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ƴata ƙarama ta ce, "Baba, ƙila hasken bai jin kunyarmu."

Ƙurar hunturu ce ta koya mini abin da ya fi wannan. Ta cika falon, har ana ganin zaren hasken a iska tun daga bakin leza zuwa bango. Ina kallonsa sai na tuna cewa duk ɗigon da nake gani a gefe haske ne da ya bugi ƙura ya karkato zuwa idona. Wanda na gani bai kai bango ba, wanda ya kai bango ban gan shi a hanya ba. Ba ka ganin haske yana wucewa yadda kake ganin ɗan kabu-kabu yana wucewa a titi. Sai ya shiga idonka, kuma da ya shiga tafiyarsa ta ƙare. Ashe kallon da muka yi wa tsagar ba kallon komai ba ne.

Saboda haka kalmar kallo ita ce ta fara ɓatar da mutane. Kalmar da ta dace tana bakinmu: shaida. Makiyayi yana yi wa akuyarsa shaida a kunne, ɗan kasuwa yana yi wa buhunsa shaida da fenti, kuma wanda ke tsayawa gaban alƙali shi ma shaida ne. A ce garke yana da ƙofa biyu, an shafa shuni a jikin ta dama, an shafa jar ƙasa a jikin ta hagu. Kowace akuya ta fito da shaidar ƙofarta a gashinta, ko makiyayi ya duba ko yana barci. Abin da ilimin kwantum, wato fizik na ƙananan ƙwayoyi irin na haske, yake faɗa ke nan: in akwai wani abu a duniya da ya riƙe shaidar ƙofar da ƙwayar ta bi, ratsi ya tafi. Ba ruwansa da ko wani ya karanta shaidar.

Shunin da zan shafa wa haske shi ne fuskar kaɗawarsa. Haske yana kaɗawa ta gefen hanyarsa, ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace. Akwai leda mai tace shi, ta bar fuska ɗaya kawai ta wuce. Mataci na tsaye a tsaga ɗaya, na kwance a ɗaya.

Laraba, 15 ga Janairu

Ina zan samu matacin a Maradi? Na tuna kowane allon kalkuleta da na kwamfuta yana da shi. Da ɗan gari akan ci gari, sai na nufi layin masu gyaran waya. Wani matashi da na taɓa koyarwa ya gane ni, ya tashi ya ba ni kujerarsa. Da na yi masa bayani ya ce, "Ai Mushe baƙar ledar nan kake nufi, wadda in an ɓare ta allon ya koma fari fat." Shi a hannu ya san ta, ni a littafi. Ya haɗa ni da mai tara matattun kaya: allon kwamfuta fasasshe 2,000, kalkuleta uku da ba sa aiki 750.

Asabar, 18 ga Janairu

Jaka biyun allon kwamfuta ta tafi a banza. Na yi awa guda ina ɓare ledar da bakin reza, gam ɗinta kamar ƙaro, har na yanke ɗan yatsa. Da na haska leza ta cikinta, maimakon ɗigo ɗaya sai wani jan hazo mai tsakuwa-tsakuwa ya bazu a bango kamar faɗin faifai. Saman ledar an yi shi da kaushi da gangan don kada allo ya riƙa ƙyalli a idon mai aiki, kaushin nan ne yake watsa hasken. Na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma tun azahar har magariba, saman ya ɓaro, amma abin da ya rage ya yi laushi yana yagewa kamar ganyen albasa.

Na kalkuleta kuwa garau suke, ƙanana amma masu tsabta. Ta gaban allon ita ce mai amfani. Na ɗora biyu a kan juna ina juya ɗaya a hankali: fari, toka-toka, baƙi ƙirin, sannan ya sake washewa. Don in gane fuskar kowace, na ajiye kwanon ruwa a tsakar gida na leƙa ƙyallinsa daga gefe ta cikin ledar. Ƙyallin da ke tashi daga saman ruwa galibinsa a kwance yake kaɗawa, don haka inda ya dusashe, nan ledar take a tsaye. Na yi mata alama da bik.

Laraba, 22 ga Janairu

Gilashin hayaƙi ya gama aikinsa. Tsagarsa sun yi kusa da juna ƙwarai, babu hannun da zai liƙa wa kowace ledarta. Na sake gini: bakin fensir mai matsawa na milimita 0.5 a tsakiya, reza a damansa, reza a hagunsa, kowace da ƴar tazara kamar kaurin takarda biyu, duka a manne bisa katin waya da na huda. Bakin fensirin zai rufe mahaɗar leda biyun. Na karya shida kafin ɗaya ya zauna. Bakin fensir 200, gam 300.

Da tsaga suka yi nisa da juna ratsin ya matse, falo ya yi kaɗan. Na roƙi mai gadin lakkol ya buɗe mini ajinmu da dare. A mita shida, ratsi bakwai a fili, milimita shida tsakaninsu. In aka juya lissafin, tazarar tsagar ta kama milimita 0.65, daidai da abin da na gina.

Sai na zura bakin kati a hankali na rufe tsaga ɗaya. Ratsin ya narke ya zama shafi ɗaya mai faɗi. Wuraren da suke duhu ɗazu yanzu akwai haske a cikinsu. Na rufe ƙofa, haske ya ƙaru a wani wuri. Na buɗe, duhun ya dawo. Na yi ta yi har mai gadi ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya dai?"

Asabar, 25 ga Janairu

Na liƙa matatan biyu, na tsaye a dama, na kwance a hagu. Na kunna. Babu ratsi ko ɗaya, shafi ne sumul. Na ɗauki hoto, na tura wa abokin aikina mai koyar da ƴan tarminal C, na rubuta masa cewa an gama.

Ina tattara kaya sai zuciyata ta ce in rufe tsagar dama in gani. Na rufe, bango ya yi duhu gaba ɗaya. Na rufe ta hagu, babu abin da ya canja. Murna ta koma ciki. Ashe tsaga ɗaya ce take aiki tun farko. Hasken irin wannan leza yana fitowa ne da fuskarsa guda, kuma yadda na kwantar da ita ya dace da matacin tsaye, na kwancen kuwa ya tare nasa kaf. Ban yi wa haske shaida ba, ƙofa na toshe, abin da kati ya yi mini ranar Laraba ba tare da wahala ba. Na goge saƙon, amma ya riga ya karanta.

Maganin: a juya jikin lezar har fuskarta ta tsaya a tsakiya, digiri 45 daga kowane mataci, yadda tsaga biyun za su ba da haske daidai wa daida. Daga yau duk abin da na gani sai na rufe kowace tsaga bi da bi kafin in buɗe baki.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na juya lezar, tsaga biyun sun daidaita. Amma ratsin bai tafi duka ba, yana nan dishi-dishi kamar rubutun alli da aka goge da hannu. Ban gane ba.

Talata, 28 ga Janairu

Na sake yanka leda, na sake duba kusurwa. Yana nan. Lezar ta faɗo daga tebur ta daina kamawa. Sabuwa 1,500.

Alhamis, 30 ga Janairu

Sikoci ne. Farin sikocin da na ƙarfafa ledar hagu da shi ta baya ya ɗan hau kan tsagar, hasken yana bi ta cikinsa bayan ya fito daga mataci. Na gane ne da na sa guntunsa tsakanin matata biyu da suka yi baƙi ƙirin, sai wurin da yake ya haskaka. Irin wannan leda da aka ja wajen ƙera ta tana sauya fuskar haske. Wato hasken hagu ya fito a kwance, sikoci ya karkatar da shi, ya koma yana ɗan kama da na dama. Shunin ya gauraya da jar ƙasa.

Na ɓare shi na sa gam a gefe. Ratsi ya tafi. Na rufe dama, akwai haske. Na rufe hagu, akwai haske. Na buɗe duka, shafi ɗaya sumul. Ƙofa biyu a buɗe, babu abin da ya tare kowace, amma ba sa kashe juna kuma ba sa ƙara wa juna.

Abu biyu na ɗauka daga wahalar kwana huɗun nan. Na farko, zanen da ake yi a bidiyo, har da wanda ni ma na sha yi a allo, cewa in an gano ƙofa sai layi biyu su fito a bango, ɗaya saitin kowace tsaga, ba haka yake fitowa ba. A nisan mita shida hasken kowace tsaga ya bazu ya kai faɗin santimita biyar, tsakiyarsu kuwa ba ta rabu da ko milimita ɗaya ba. Sun hau kan juna, abin da ake gani shafi ɗaya ne.

Na biyu ya fi daɗi, kuma sikoci ne ya ba ni shi kyauta. Abin ba kunnawa da kashewa ba ne. Rabin shaida tana barin wani abu na ratsi. Berthold-Georg Englert ya rubuta ƙa'idar a 1996: a auna ƙarfin shaida daga sifili zuwa ɗaya, a auna fitowar ratsi haka, a ninka kowanne da kansa a haɗa, jimillar ba ta wuce ɗaya. In ɗaya ya hau, dole ɗaya ya sauka. A nawa ginin, in matatan suna fuska ɗaya ratsi cikakke ne, in kusurwarsu digiri 60 ce saura rabi, in 90 ce babu. Idon mutum ba ya rabin sani ya rage ratsi da rabi. Kusurwar leda kuwa tana yi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Daren goge shaida. Kuran ya ɗauke tun magariba, unguwa ta yi tsit da duhu, karo na farko da na yi murna da hakan.

Na liƙa farar takarda a bango. Na ɗauki mataci na uku, na riƙe shi a bayan tsagar a karkace, digiri 45. Duk hasken da ya wuce ta cikinsa, na dama ne ko na hagu, fuska ɗaya yake fitowa da ita, ba mai iya cewa ga ƙofar da ya bi. Ratsi ya dawo. Ya fi na da rauni, don matacin ya cinye rabin hasken, amma ana ƙirga shi. Na yi wa kowane ratsi ɗigo da fensir. Sai na juya matacin ya karkata ɗaya ɓangaren. Ratsi ya sake fitowa, amma wannan karon hasken ya sauka a tsakanin ɗigon fensirina, ɗigon kansu suna cikin duhu. Na cire matacin, shafi sumul.

Wato shafin nan ratsi biyu ne a haɗe, hasken wannan ya cike duhun wancan, kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Matacin na uku bai komar da lokaci baya ba, bai canja abin da ya faru a tsaga ba. Zaɓe ya yi, ya bar rabi ya riƙe rabi. Marlan Scully da Kai Drühl ne suka kawo shawarar irin wannan gogewa a 1982, kuma a kanta ne masu bidiyo suka fi yin shaci-faɗi, har da cewa gobe tana gyara jiya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na nuna wa abokin aikina. Ya kalla har ƙarshe, ya yaba, sannan ya ce, "Malam, kada ka je ka ce wa yara ka nuna musu kwantum. Fresnel da Arago sun san wannan tun 1819." Ya yi gaskiya, ko da yake ta yi mini ɗaci. A Faransa suka tabbatar cewa haske biyu da fuskarsu ta gitta juna ba sa yin ratsi, tun ba a san wani abu wai shi foton, wato ƙwayar haske, ba. Igiya mai kaɗawa a tsaye ba ta iya kashe mai kaɗawa a kwance, shi ke nan, bayanin ya isa. Leza mai ƙarfin miliwat ɗaya tana fitar da foton wajen 3 da sifili 15 a gabansa kowace daƙiƙa. Wanda ke tsaye a bakin Gulbin Maradi cikin watan Agusta ba ya maganar ɗigo.

Mamakin yana farawa ne in aka rage har ƙwaya ɗai-ɗai take wucewa. A 1909 G. I. Taylor a Ingila ya dusashe haske da gilashin hayaƙi, irin nawa, ya bar farantin hoto wajen wata uku, zanen ya fito kamar na haske mai ƙarfi. Claus Jönsson ya yi tsaga biyu da ilektoron a Jamus a 1961. A Bolonya ta Italiya a 1974, da kuma wurin Akira Tonomura a Japan a 1989, an ga ilektoron suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗigo guda a inda ba wanda zai iya faɗa tun da wuri, sai da suka taru dubbai ratsi ya bayyana. A nan ne kalmar shaida take da nauyinta, don ƙwaya ɗaya ce, kuma tambayar ita ce ta ina ta bi. Lissafin matatana bai canja ko da foton ɗai-ɗai aka tura, amma ni ban tura ba, kuma haka zan faɗa wa yara.

Da na dawo gida na buɗe tsohon kayen darasina, na ga wani abin da zan gyara. Na rubuta cewa na'urar ganowa tana bugun ƙwayar ne ta karkatar da ita, shi ya sa ratsi yake lalacewa. Bugun yana faruwa a wasu gwaje-gwajen, a kansa ma Einstein da Bohr suka yi ta ja-in-ja a taron masana fizik na Solvay a 1927. Amma ba shi ne tushe ba. A 1998 a Konstanz ta Jamus, Gerhard Rempe da abokan aikinsa sun rubuta shaidar hanya a cikin atam ɗin rubidiyam kansa, da taɓawar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai a ce ita ta watsa ratsi, amma ratsi ya tafi.

Wanda zan kai wa yaron nan kuwa na Biyana ta Ostiriya ne. A 1999 ƙungiyar Anton Zeilinger ta sami ratsi da dunƙulen kabon mai atam 60. A 2004 suka ɗauki mai atam 70 suna gasa shi da leza kafin ya shiga na'urar. Da ya yi zafi sai ya fara fitar da haskensa, kowane foton da ya fita yana ɗauke da labarin inda dunƙulen yake. Ana ƙara zafi ratsi yana dusashewa har ya ɓace. Ba wanda ya kama foton ɗin nan, ba wanda ya karanta su, jikin na'urar suka je suka faɗa. Dunƙulen da kansa ya tona asirin hanyarsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kafinta ya yi mini katako mai tsawon kamu biyu da mazaunin leza, da na tsaga, da na mataci na uku mai juyawa. 3,500. Jimilla zuwa yau 11,300, ban da kuɗin kabu-kabu. Na haura da jaka ɗaya da ƴan kai.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na yi gwaji sau uku a jere ba tangarɗa. Na ari barguna huɗu na toshe tagogi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yara 23 suka zo, ko da yake ba ranar karatu ba ce. Zafin ajin da barguna ba a magana. Na bi da su daki-daki: tsaga biyu tsirara, rufe ɗaya, matatan shaida, sannan na uku. Da ratsin ya dawo wata yarinya ta yi salati da ƙarfi, aji ya fashe da dariya. Na ba yaron da ya kawo bidiyon matacin ya juya da hannunsa. Ya juya dama, ya juya hagu, ya cire, ya mayar, ya fi minti biyar bai ce uffan ba. Na faɗa musu maganar Fresnel da Arago ban rage komai ba, na ba su labarin dunƙulen kabon da aka gasa.

Da aka tashi ya tsaya. Ya ce, "Mushe, na yarda ba ido ba ne. To amma da ba a yi shaidar ba, ta wace ƙofar ta bi?" Na ce masa lissafin yana faɗin inda ƙwayoyi za su taru da inda ba za su sauka ba, kuma bai taɓa kuskure ba a gwajin da aka yi, amma wannan tambayar tasa masana kansu sun rabu a kan yadda za a amsa ta, wasu ma suna ganin ba ta da amsa in ba a auna ba. Bai ji daɗin amsar ba, na gani a fuskarsa. Ya tambaya ko zai iya zuwa ranar Laraba.

Aikin da ke gaba: ido ba ya auna rabin ratsi, kyamarar waya kuma tana gyara haske da kanta ta ɓata awon. Mai gyaran waya ya ce zai ciro mini ƴar na'urar jin haske daga tsohuwar fitilar sola, abokin aikina zai ara mini mitarsa. Za mu rufe fuskarta da baƙar takarda mu bar tsaga ta milimita ɗaya, mu riƙa matsar da ita a jikin rula muna rubuta lamba. Ana bukatar tsaga uku sababbi, masu kusurwar 30 da 45 da 60, ledar kalkuleta kuwa saura guda ɗaya da rabi. Ina so a gama kafin azumi. Yaron ya ce akwai matacciyar kalkuleta a shagon babansa, zai zo da ita.